Kabawa, Ku Sassauta Dariya: Batir Ma Yana Tura Jirgi

Kabawa da Nufawa, kafin ku buɗe baki na riga ku. Na san tambayar: ina Bakatsine ya ga ruwa har zai zaunar da mutane ya yi musu karatun jirgi? To, muna da madatsar Zobe, muna da ta Jibiya, kuma ba a taɓa cewa sai wanda ya iya iyo ne ke iya lissafi ba. Lissafi ne ya kawo ni yau. Haɗejawa kuma ku matso gaba, tunda ku sai an maimaita muku.

Maganar ta Amurka ce, kuma a can za mu bar ta. A jihar Minnesota, wadda ke kurin tana da tafkuna 10,000 alhali ƙidayar hukuma ta ce sun kai 11,842, akwai wani jirgin shaƙatawa da ake kira fontun. Dandamali ne shimfiɗaɗɗe a kan dogayen tankunan alminiyom biyu, wani lokaci uku, waɗanda babu komai a cikinsu sai iska. An kewaye shi da shinge, an jera kujeru masu katifa, an ɗaura rumfar tanti a sama. Wani manomi mai suna Ambrose Weeres, daga kusa da garin Richmond na jihar, shi ake danganta wa ƙirƙiro shi a 1952: ya samo duromomin ƙarfe ya yi musu walda baki da gindi, jere biyu, ya shimfiɗa katako a kai. Manomi fa, ba masunci ba. Na faɗa da ƙarfi ne don Sarkin Ruwa ya ji.

Ga abin da masu irin wannan jirgi ke yi, wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Mutum yana da lafiyayyen injin fetur a baya, mai ƙarfin doki 90 ko 115 ko 150. Sai ya je ya sayo wani ɗan inji mai aiki da batir, wanda ƙarfinsa bai kai na doki biyu ba, ya ɗaura shi a goshin jirgin ko a gefen babban. Ƙaramar farfela a ƙarshen doguwar sanda, batura biyu a ƙarƙashin kujera, shi ke nan.

Ina jiyo dariyarku tun daga Argungu. Alhaji na can baya yana cewa kuɗi ne suka yi wa Bature yawa, ya rasa ramin da zai zuba su.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, bari in tambaye ka. Ba kai ne mai janaretan nan na bayan gida ba, wanda in an tayar da shi duk unguwa sai ta san ka dawo daga tafiya? Me ya sa ka sa aka hau maka rufi da faifan sola, aka girke inbata da batura a lungun falo? Janaretan ya lalace ne? Lafiyarsa ƙalau. Gajiya ka yi da ƙona fetur saboda fanka ɗaya da cajin waya da ƙarfe biyun dare. In za a yi guga ko a tura ruwa tanki, a tayar da janareta; in barci za a yi, inbata ta isa. Mai fontun bai ƙara ko ƙwayar zarra a kan dabararka ba. Da ka yi an ce hikima ce, da ya yi ka ce wauta ce.

Babban inji gwani ne a abu ɗaya: ya kai ka nesa da wuri. Abin da bai iya ba shi ne tafiya a hankali. Kifin da mutanen Minnesota suka fi ƙauna, wanda suke kira walleye, ana jan masa ƙugiya ne a bayan jirgi da tafiyar da ba ta wuce kilomita biyu zuwa uku a awa. Inji mai doki 115, ko an sauke totur har ƙasa, sau da yawa ya fi haka sauri, ga ƙara, ga wari, ga girgiza, kifi kuma ba kurma ba ne. A wurin da ruwa bai da zurfi ma haka: babbar farfela tana iya dukan dutse ko ta tono ƙasa, ita kuwa ƙaramar ana ɗaga ta da hannu ɗaya. Sannan akwai tafkunan da doka ta hana a tayar da injin fetur a cikinsu sam, irin su Harriet da ke cikin birnin Minneapolis, inda na batir kaɗai aka yarje wa. Ka zo da dawakinka 150, sai dai ka ɗage su sama su sha iska.

Sai ranar da babban ya ƙi tashi. Kar ku ce ba ya faruwa, ku da kuka fi kowa sanin jan igiyar inji har kafaɗa ta sage. Yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a Minnesota, bisa dokar da ta fara aiki a 1997, yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na etanol, wanda ke janyo danshi. Jirgi kuma yakan yi watanni a ajiye lokacin da sanyi ya daskarar da tafkunan har motoci ke hawa kansu. Fetur ya daɗe a tanki, ya yi kauri, ya toshe hanya. Rana ta farko da aka fita da iyali, sai ga mai gida a tsakiyar tafki yana murɗa makulli, inji yana tari. Fontun kuwa ba kwalekwale ba ne. Faɗinsa ya kai mita biyu da rabi, dandamalinsa yana can sama da ruwa, in ka tsoma filafili ta gefe ɗaya juyawa kawai zai riƙa yi a wuri guda, yara suna tafa maka.

Malam mai gilashi ya ɗaga hannu. Ya ce sabon yayi ne, irin na masu hana mutane ƙona mai, gobe za a manta da shi.

Malam, gafarta, amma a nan ka taka sawun ɓarawo. A 1839 wani masani, Moritz von Jacobi, ya ɗauki mutum 14 a jirgin da batir ke turawa a kogin Neva na Rasha, da kuɗin Sarki Nicholas na Ɗaya. A 1881 wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya ƙera injin lantarki da ake rataya wa a bayan jirgi a kuma cire shi, ya gwada a kogin Seine na birnin Paris. Ole Evinrude, wanda injin fetur ɗinsa na ratayawa ya cika duniya, sai a 1909 ya fara sayarwa a Milwaukee. In ana maganar girma ne, na batir shi ne yaya, na fetur ƙane ne da ya fi shi ƙiba da surutu. A wannan shekarar ta 1909 ma aka fara jigilar mutane da jiragen lantarki a tafkin Königssee na ƙasar Jamus, har yau kuma su ne ke aiki. Saboda shirun da ke wurin, matuƙi yakan tsayar da jirgi a tsakiyar duwatsu ya busa ƙaho, fasinjoji su saurari amsa-kuwwa. Gwada hakan da injinku mu gani ko wani zai ji ko da atishawar na kusa da shi.

Ku kuma Kabawa, ku riƙe 1934. A shekarar ce Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa su, abin da ya zama bikin da kuke cika mana kunne da shi. To ku kuna dirowa Matan Fada da gora da homa, wani mutum mai suna O. G. Schmidt a garin Fargo na jihar North Dakota yana haɗa wa masunta ɗan injin batir. Daga nan kamfanin Minn Kota ya samo asali, kuma har gobe injinansa na cikin waɗanda aka fi gani a goshin fontun. Sa'an bikinku ne. In shi sabon yayi ne, to ku ma jiya kuka fara kama giwan ruwa. Wani abin da zai fi sosa muku rai: kamfanin Torqeedo na Jamus, wanda aka kafa a 2005 a bakin tafkin Starnberg don ƙera injinan jirgi na lantarki zalla, a 2024 Yamaha ya saye shi. Yamahan nan dai da kuke gogewa da tsumma kowace safiya. Su da suka ƙera muku injin ba su yi dariya ba, kuɗi suka ƙirga.

Yanzu kuma bari in ba ku haƙƙinku, don Bakatsine ba ya cin zalin taubashi sai in ya ga dama. Wanda ya ce batir ba ya ɗaukar komai, gaskiyarsa. Lita ɗaya ta fetur tana ƙunshe da makamashin da ya kai kilowat-awa 9, kuma nauyinta bai cika kilo guda ba. Batirin litiyom mai bolt 12 da amfiya-awa 100, irin wanda masu sola suka sani, abin da ke cikinsa bai wuce kilowat-awa 1.3 ba, ga shi da nauyin kilo 11 zuwa 13. Sai ka jera bakwai kafin ka kamo lita ɗaya tak. Gaskiya ne injin fetur yana watsar da kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ya sha, ya tafi a zafi da hayaƙi, shi kuwa na lantarki kaɗan yake zubarwa. Duk da haka, ko an cire wannan, fetur ne a gaba nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce muku batura biyu za su maye gurbin tanki, ku riƙe aljihunku ku bar wurin.

Inda kuka kuskure shi ne kun auna ɗan injin da mudun babban. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma ba ya son a ratsa shi da gaggawa. In ka ninka saurin jirgi sau biyu, turjiyar ruwa takan ninka kusan sau huɗu, ƙarfin da ake bukata kuma kusan sau takwas. Ku juya lissafin ta baya: wanda ya haƙura da rabin sauri, kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin kawai zai biya. Shi ya sa inji mai doki 90, in an take shi har ƙarshe, yake shanye lita 30 da ɗoriya a awa guda, alhali abin da bai kai doki biyu ba yana iya tura wannan jirgin dai, da mutanensa da kulolin abincinsu, da saurin tafiyar ƙafa. Ruwa ba ya cajin mai sannu da tsada. Mai gudu yake yanka.

Bari mu ɗauki jirgi ɗaya mu auna. Fontun mai tsawon ƙafa 22, kusan mita 7, da injinsa da mansa da mutane shida ko bakwai, ya doshi laba 4,000, wato kilo 1,800. Waɗannan ƙananan injina ana sayar da su ne da ƙarfin turinsu a laba, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce laba 2 ta turi ga kowace laba 100 ta nauyi. Jirginmu ke nan yana bukatar laba 80. Mai batir ɗaya, bolt 12, yakan tsaya ne a laba 55, don haka sai mai bolt 24, batura biyu da aka haɗa a jere. Akwai mai bolt 36 da batura uku, wanda ke haura laba 100, ga wanda jirginsa ya fi nauyi ko aljihunsa ya fi zurfi. Mai laba 80 in an buɗe shi duka yana jan amfiya 50 da wani abu. Batura masu amfiya-awa 100 ba za su cika awa biyu ba, jirgin kuma yana tafiyar kilomita 4 zuwa 5 a awa in ruwa a kwance yake. Zangon kilomita 8 ke nan, sai haƙuri. Amma sauke shi ya riƙa jan amfiya 18: saurin zai koma wajen kilomita 3, baturan kuma su kai ka awa biyar da rabi. Ka rage kashi ɗaya cikin uku na sauri, zangonka ya ninka. Sannu ba ta hana zuwa, in ji magabata, sai ga shi har mita ta yarda da su.

Haɗejawa, wannan lissafin na litiyom ne. In batirin dalma mai ruwa ne, ku raba biyu, don shi in ana sauke shi ƙasa da rabi a kai a kai ba ya daɗewa, kuma nauyinsa ya ninka na litiyom har da ɗori. Na maimaita: ku raba biyu.

Abokin gabar ɗan injin nan na gaskiya ba nauyi ba ne, iska ce. Tankunan fontun kaɗan suke nutsewa a ruwa, amma shingensa da rumfarsa suna tsaye a sama suna tare duk iskar da ta zo wucewa. In ta taso da yamma, jirgin sai ya riƙa zamewa gefe, kuma wanda ya sayi mai laba 55 don ya rage kuɗi zai ga farfela tana juyawa, batir yana sauka, gaɓa kuma tana ƙara nisa. Wannan ne ma ya raba masu fontun gida biyu a kan inda za a ɗaura shi. Ni ra'ayina a fili yake: a goshi. Jirgin da iska ke wasa da shi ya fi biyayya in ana jansa ta gaba a kan in ana tura shi ta baya, don goshin ne ke fara kaucewa. Sai dai goshin fontun yana da ƙofa a tsakiya, ta nan ake shiga ana fita, kuma ɗan injin in an kwantar da shi yakan tare hanya. Dabarar ita ce a ɗaura shi ɗan gefe a kan faranti mai zarewa, ranar da ba a bukatarsa a zare a ajiye. Sandar kuma ta zama doguwa, inci 60 ko kusa da haka, domin kan injin ya nutse aƙalla ƙafa guda. In gajere ne, duk sanda igiyar ruwa ta ɗaga goshin sai farfela ta fito ta sari iska.

Wanda ba ruwansa da kifi, komawa gida kawai yake so ranar da babban ya yi yaji, shi zai iya rataya nasa a baya. Akwai na musamman don haka, masu kama da injin fetur ƙarami, irin na Torqeedo da ePropulsion, da Avator wanda Mercury ya fito da shi a 2023. A nan ma ina tare da masu shakka a abu ɗaya. Za ka ga inji mai wat 1,000 ana tallarsa a matsayin daidai da doki 3. Doki ɗaya kuwa wat 746 ne, ba a sauya ba. Hujjarsu ita ce farfelarsu babba ce mai juyawa a hankali, tana cizon ruwa fiye da ta ƙaramin injin fetur, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni in zan saya, wat ɗin zan duba, dawakin talla kuwa in bar wa mai talla ya yi musu ciyawa.

Oga makanike, na ga kana murmushi kana shafa aljihu. Ka riga ka gama shiri: waya biyu, ka maƙala a batirin tayar da inji, ka naɗe da salatef, a ba ka na goro. Ajiye filayar nan tukuna. Batirin tayar da inji an yi shi ne don ya ba da ƙarfi mai yawa na daƙiƙa kaɗan, ba don a yi ta tsotsarsa awa uku ba. In ka haɗa su, ɗan injin zai shanye shi, ka wayi gari ka kashe injina biyu da hannunka, alhali don kada a rasa ɗaya aka sayo ɗayan. Nasa batura daban. Sannan amfiya 50 ba wutar rediyo ba ce. Wayar da kake ja wa kwan fitila za ta yi zafi, ta cinye ƙarfin a hanya, in Allah bai tsare ba ta narke. Ana son waya mai kauri, ta jan ƙarfe da aka shafe da kuza don kada danshi ya ci ta, kuma in baturan suna baya injin yana gaba, mita bakwai zuwa da bakwai dawowa, sai a ƙara mata kauri. Dab da batir a saka makatsar wuta mai amfiya 60. Kar kuma ka yi abin da ka saba a mota, wato ka ɗaure baƙar waya a jikin bodi. Jikin nan alminiyom ne a cikin ruwa. Wutar da ta bi ta cikinsa a hankali take cin ƙarfen, wata rana a ga tanki ɗaya ya sha ruwa, jirgi ya karkace. Baturan a ɗaure su tam cikin akwati, nesa da tankin fetur, don tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a lungu yana jiran tartsatsi ɗaya. Litiyom kuma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarewar ruwa, abin da kai ba ka taɓa damuwa da shi a Bida ba, amma mutumin Minnesota dole ya kwashe nasa ya kai ɗaki. In ana son babban inji ya riƙa cika su yana tafiya, akwai cajar da ake sakawa a tsakani, don litiyom mayunwaci ne, in an haɗa kai tsaye zai iya ƙona na'urar cajin injin.

Hajiya ba ta ce komai ba tun ɗazu, amma na san ita ce ta fi kowa fahimta, don ita ke zama a baya da yara. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da gubar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana taruwa a bayan jirgi in inji yana aiki a tsaye, daidai inda tsanin hawa yake, inda yara ke wanka. Mutane sun mutu ta haka a tafkunan Amurka. Na batir ba shi da salansa balle hayaƙi. Sai dai, ranki ya daɗe, shirun nasa ma yana da nasa sharri. Farfelar roba ce amma tana yanka, kuma ba ta yin ƙarar da za ta gargaɗi kowa. Yaro ya taka rimot, ta tashi. In akwai mutum a ruwa, a cire fulogin gaba ɗaya.

Rimot na ce, Kawu, ba ka ji ba daidai ba. Na zamani da rimot ake sarrafa su, ko da feda a ƙafa. Ga kuma wanda zai sa ka yi salati: tun wajen 2010 aka fara saka musu GPS. Ka isa inda kake so, ka danna maɓalli ɗaya, injin ya riƙe wurin. Iska ta tura jirgi hagu, shi da kansa zai juya kai ya dawo da shi. Ta tura dama, ya sake gyarawa. Babu anga, babu igiya, babu janyo ƙarfe mai laka da bayan da ya riga ya gaji. Kawu ya ce wannan aikin mutanen ɓoye ne. Kawu, tauraron da ke nuna wa jikanka hanyar Abuja a waya, shi ne dai. In aljani ne, ya daɗe a aljihunka kana saya masa data. Ni a ganina wannan riƙe wuri shi ne ya fi komai cancantar kuɗin, har ya fi komawa gida ɗin, don injin fetur na zamani ba kullum yake mutuwa ba, amma iska kullum tana nan.

Kuɗin fa? Ba araha. Mai sauƙi, wanda ake riƙe wa hannu a baya, ɗaruruwan daloli ne. Mai GPS ya haura dala 1,000, wasu sun ninka haka biyu ko uku, kafin a zo ga batura da caja da waya. Wanda ya ce zai mayar da kuɗinsa daga rarar fetur, sai dai jikokinsa su karɓa. Shiru yake saya, da tafiyar sannu, da kwanciyar rai. Caji kuma ba matsala ba ne ga jirgin da ke kwana biyar a ɗaure yana jiran Asabar: ko a jona shi a wutar gaɓa, ko a shimfiɗa faifan sola na wat 400 a kan rumfa. Awa biyar na rana mai kyau, kilowat-awa 2 ke nan kafin a cire asara, kwana biyu baturan sun cika. Wannan a Minnesota fa, inda rana ke zuwa aiki da rowa. Ba zan faɗi abin da ranar Katsina za ta yi ba, kar a ce ina yabon gida.

Akwai ƙananan abubuwan da ke cin mutane. Ciyawar ruwa tana naɗe farfela, kuma zaren fatsa in ya shige bayanta yana yanka robar da ke hana ruwa shiga cikin injin, don haka ana kwance ta lokaci-lokaci a duba. Haɗejawa da suka sha fama da kachala ba sai an yi musu dogon bayani a nan ba, karo na farko a tarihi. Wanda kuma ya manta ɗan injin a cikin ruwa ya taka babban, sandar za ta lanƙwashe ko faranti ya ɓalle, ya bi kuɗinsa da kallo suna nutsewa.

Saura ku Nufawa, da tun farko kuke ta girgiza kai kuna nuna mini Kwara. Kun ce a kawo abin nan Pategi da damina a gani. Ba za a kawo ba. Kayan tafki ne, ruwan da ke kwance. Jirgin katako da aka loda wa buhunan shinkafa da babura ranar kasuwa, a kogin da ya cika ya batse, ba abin da ɗan inji mai laba 80 zai yi masa sai rakiya. Jirgin da iyakar gudunsa kilomita 5 a awa, in ya nufi sama alhali ruwan da ke ƙarƙashinsa yana gangarawa da kilomita 5, a tsaye yake, batir kawai ke tafiya. A nan kun ci ni, kuma ku rubuta ranar, don ba za ta maimaitu ba.

In kuwa akwai mai taurin kai a cikinku da ke son ya gwada a nasa ruwan, gwajin ba ya cin ko kwabo. A auna mita 10 a bakin gaɓa, a jefa kara a ruwa daga sama, a ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya wuce. In ya cinye mita goman a ƙasa da daƙiƙa 8, ruwan ya haura kilomita 4 da rabi a awa, a bar kuɗin batir a sayi fetur da rigunan ceto. In ya ɗauki daƙiƙa 30 ko fiye, to akwai magana. A dai samu mai agogo ya yi ƙirgar, kar a ba Bakabe, don shi daga ya ga kara yana motsi a ruwa zai zaci kifi ne ya bi shi.